In ta lalace wa zai gyara? Maganar ruwa, murhu da sola a ƙauyukanmu na gaɓar Nilu

Ni fa yanzu na zama mai taurin kai kan kayan da ake kawo mana ƙauye da sunan taimako. Duk wanda ya zo da wata na'ura, ta ruwa ce ko ta girki ko ta wuta, kafin ya gama zuba bayani nake cewa toh malam in ta lalace wa zai gyara, kuma kayan gyaran a kasuwar Sinnar za a samu ko sai an aika Khartum, Khartum ɗin da ita ma ta kanta take yi. Wasu su ce na cika ƙorafi. Toh ku zagaya ƙauyukan nan namu daga Mai Wurno har ku dangana da Damazin ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu saboda wata 'yar roba da ta cinye a ciki, allon ƙungiyar da ta haƙa yana nan tsaye da fentinsa, yara na ɗaure akuya a jikin ƙarfen.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 shi ya tona asirin komai. Kahraba, wato lantarki, ta koma sai an ga dama, anbubar gas ta yi wuyar samu, jaz ɗin da ake zuba wa injin ruwa ya yi tsadar da ba a magana, ga kuma 'yan uwa da suka kwararo daga Wad Madani a Disambar shekarar, gidan da ke da mutum takwas ya wayi gari da ashirin. Abin takaici ma muna zaune ne tsakanin madatsun ruwa biyu, ta Sinnar da aka gama tun 1925 da ta Rusairis ta 1966, duk ana samar da lantarki a jikinsu, amma mu da fitilar waya muke cin tuwon dare. Abin da ya riƙe mutane a wannan tsakanin ba wani abu ba ne illa zir (randar ruwa) da kanun (murhun gawayi) da karo (amalanken jaki), sai kuma farantin sola ga wanda Allah ya hore wa.

Bari in fara da ruwa don shi ya fi cina. Duk wanda ya tashi a gaɓar bahar, wato kogin Nilu, ya san yadda ruwan ke komawa ja-jawur wajen watan Agusta in ya kwaso laka daga duwatsun Habasha, masu shan ruwan tur'a (magudanar ban-ruwa) a Jazira da masu hafir (tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama) a wajen Gadarif su kam nasu ya fi namu muni don dabba da mutum wuri ɗaya suke sha. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin laka, ko alif ko 'ya'yan zogale. Mutane da yawa ba su san cewa ilimin tace ruwa da zogale da yanzu ake koyarwa a jami'o'in duniya daga matan ƙauyukan Sudan aka ɗauko shi ba. Wata mai bincike, Samia al Azharia Jahn, ita ta bi ƙauyukan gaɓar Nilu tana kallon abin da mata ke yi, ta gwada a ɗakin bincike ta rubuta, wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Yadda ake yi ba wuya: a samu 'ya'yan da suka bushe a jikin bishiya, a ɓare, a daka farin cikin ya yi laushi, a dama da ɗan ruwa mai kyau sannan a juye a bokiti, a juya da ƙarfi na ɗan lokaci sai a koma juyawa a hankali, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu ba taɓawa. Kusan ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi kauri sosai. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da ke janyo ƙurar lakar ta dunƙule ta yi nauyi ta kwanta a ƙasa, sai a tsiyaye na saman.

Amma fa a nan ne muke yin sakaci, kuma nan ne nake samun saɓani da Goggo kullum. Ita a wurinta in ruwa ya yi garau ya kuma yi sanyi a zir shikenan ya zama lafiyayye. Sai in ce Goggo ki yi haƙuri, ido ba ya ganin abin da ke kawo amai da gudawa, ta ce kai yaro ruwan nan muka sha muka haife ku. Gaskiya ne sun sha, amma ba a taɓa cunkushewa irin na yanzu ba, masai ɗaya mutum talatin, damina ta zo ta wanke komai ta kai tur'a. A Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara, Kasala da Gadarif na cikin wuraren da ta fara yi wa ɓarna, kuma kowa ya ga yadda ta bazu. Zogale yana rage ƙwayoyin cuta don wasu suna bin lakar su kwanta, amma ba ya kashe su duka. Bayan an tace dole a ƙara mataki ɗaya: ko a tafasa ya yi ta ɓararraka na minti guda, ko a jefa ƙwayar kilorin a jira rabin awa, ko kuma wanda ba shi da gawayin tafasawa ya cika gorar roba mai haske, irin ta ruwan sayarwa, ya kwantar da ita a kan rufin kwano cikin rana awa 6, in akwai hadari sosai kwana 2. Rana kam ba mu da ƙarancinta a ƙasar nan. Sharaɗin kawai ruwan ya zama ya riga ya washe, ruwa mai laka hasken ba ya ratsa shi, shi ya sa zogale da rana suke tafiya tare.

Sai kuma kofin nan da ake ɗaure wa a bakin zir, kowa ya zo ya zura hannu har wuyan hannu ya ɗiba, yaro ya fito daga bayan gida ya zura, baƙo ya zura. Duk wahalar tacewar ta tashi a banza. Moda mai dogon mariƙi da murfi, ko a sa maginin tukwane ya huda ƙasan zir ɗin a sa ɗan famfo, wannan bai kai kuɗin allura ɗaya ba.

Tunda na ambaci maginin tukwane, akwai abin alfahari a nan. Firjin ƙasa ɗin nan, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wanda ya yi suna a Al-Fashir, wani malami ne daga Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa shi har ya samu kyautar Rolex a 2000, daga baya dabarar ta iso Darfur mata masu ginin tukwane suka karɓe ta. Ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin tukunyar waje ya bushe ya tafi da zafin, tumatir da kuɓewa da jarjir su yi kwanaki ba su yi yaushi ba. Yana son busasshiyar iska da inuwa, da damina ƙarfinsa na raguwa, kuma ba a ajiye nama ko maganin da likita ya ce sai firji a ciki. In ta fashe kuwa, ai ga mai ginin nan a bayan kasuwa.

Girki kuma, wallahi duk wanda zai ƙera murhu bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake tuƙa asida ko tuwon dawa na mutum goma sha biyar ba, ya bari kawai. Na ga murhun gwangwani da aka raba, mai kyau a ido, mace ta sa muciya ta danna sau biyu tukunya ta kife. Na ga na hasken rana mai kamar faranti, an ce a ɗora tukunya da tsakar rana a jira, toh wa ke girkin dare da azahar, kuma kisra fa, a ina za a ɗora doka, wato faifan ƙarfen da ake gasa ta a kai? Duk sun koma wurin shanya kuɓewa. Wanda ya ɗan yi tasiri a sansanonin Darfur, wanda Ashok Gadgil da abokan aikinsa na Berkeley a Amurka suka fara aikinsa a 2005, dalilin karɓuwarsa shi ne sun je sun zauna da matan, suka ga tukunyarsu mai zagayayyen gindi ce, suka ga iska na kwashe wuta, suka ga irin ƙarfin da ake sa wa a tuƙi, sannan suka gyara ƙirar. A lokacin ana yanko ƙarfen a Indiya a harhaɗa a Darfur. Yana rage cin itace kusan rabi. Amma ko shi, ranar da hanya ta toshe ƙarfen bai iso ba fa?

Shi ya sa ni na fi yarda da murhun laka. Yumɓu, kashin jaki ko na shanu, ɗan ƙaiƙayi, a gina shi daidai gindin tukunyar gidan, ƙofa ɗaya ta itace, a bar shi ya bushe a inuwa. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska yake ɗumamawa, wannan kuwa yana tattare wutar a ƙarƙashin tukunya, in ya tsage a shafe shi da laka da safe. Matan unguwarmu da suka gina sun ce damin itacen da ke ƙarewa da wuri yanzu yana kai su nesa, hayaƙi ma ya ragu, kuma hayaƙin nan ba wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida na kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara, mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙa. Gawayi kuma da muke ganin ya fi tsabta, kafin a samu buhu ɗaya sai an ƙone itacen da ya ninka shi nauyi sau biyar ko fiye, ku dubi yadda dazukan bagaruwa na gaɓar bahar suka yi fili tun da gas ya ɓace. Ful da wake in an jiƙa tun dare, a tafasa, a sauke a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cusa a kwando, da kansa zai ƙarasa nuna. Biyogas na kashin shanu ana ta yabonsa, amma yana son ruwa kullum da shanun da ke kwana wuri ɗaya, namu kuwa rabin shekara suna daji.

Sola ita ce abin da kowa ke so yanzu kuma ban ga laifinsu ba, caja waya, fitila, fanka ga tsofaffi. Matsalar ba farantin ba ce, farantin kirki yana shekara ashirin da ɗoriya, batir ne ke cin kuɗi. Zafin nan namu na Afrilu da Mayu yana kashe batirin ruwa da wuri, ga mutane na tatse shi har ƙasa kowane dare da talabijin, shekara ba ta rufa ba ya mutu a ce sola ƙarya ce. A ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, kar a bari ya sauka ƙasa da rabi, a riƙa duba ruwansa. Farantin kuma bayan kowace habub, wato guguwar ƙura, a goge shi da sassafe kafin ya ɗau zafi, ƙura kaɗai tana iya cinye kaso mai yawa na wutar.

Inda sola ta fi burge ni shi ne rijiyar burtsatse, don a can ba a buƙatar batir sam. Rana ta fito famfo ya tashi ya tura ruwa tankin sama, rana ta faɗi ya tsaya, ruwan da ke tanki shi ne ajiyar. Ba jaz, ba bin layi a gidan mai, ba ƙarar inji. Amma ko nan tambayata tana nan daram, akwatin da ke sarrafa wutar famfon in ya ƙone ba abin da makanikin babur zai iya yi masa, sai sabo. Ƙauyen da ya ce ruwan sola kyauta ne tunda rana kyauta ce, ranar da akwatin ya ƙone za su koma tur'a. A unguwarmu yanzu abin da ake ta ja-in-ja a kai kenan bayan sallar isha'i, dattawa sun yarda a riƙa karɓar wani abu kaɗan a kan kowace jarka da kowane barmil na masu karo a tara a asusun gyara, an kuma tura samari biyu su koyi haɗa waya wurin wani mai shagon sola a Sinnar. Inda aka tsaya shi ne wa zai riƙe kuɗin, maza sun ce liman, mata sun ce tunda su ke ɗiban ruwan su za su riƙe littafin, kuma 'yan gudun hijirar da ba su da ko sisi a yafe musu ko a rubuta bashi. Ni ina bayan mata a maganar littafin, na kuma ce a yafe. Ranar Juma'a za a sake zama.