Kurkum da ciwon baya: abin da na so a ce an faɗa mini tun ina saurayi

Yanzu a Damagaram mutum ba ya cewa bayansa na ciwo sai wani ya tare shi da "ka sha kurkum da madara da zuma". Iyayenmu da gangamau suka san shi, a jefa a miya, dukawa kuma su rina fata da shi ta yi rawaya. Zuwan wayar hannu ne ya tashe shi daga kayan miya ya koma maganin komai. Na bi wannan ayarin, na kuma ji a jikina, shi ya sa nake so ƙannena su saurara.

Hatsi nake sayarwa a Kasuwar Dole. Lokacin ƙuruciya buhun gero mai kilo 100 ba na jiran a kama mini, don kada a ce ragon namiji ne. Idan bazara ta yi famfo ya ɗauke, ni ne mai jidar ruwa a gida, bido mai lita 25 a kowane hannu. Kullum ƙafa a miƙe nake sunkuyawa, in fizgo kaya da ƙugu. Ranar da bayan ya riƙe, ko ruku'u na kasa yi.

Maimakon in je likita, sai na sayo garin kurkum ina zuba babban cokali cike a kunu safe da yamma, ina haɗawa da diklofenak, ƙwayar rage ciwo ta masu tallar magani a faranti, na kuma miƙe kan tabarma ina jiran sauƙi. Da ciwon ya ɗan lafa na koma ɗaukar buhu yadda na saba. Ba a daɗe ba cikina ya fara zafi kamar an zuba barkono, ciwon kuma ya gangaro cinya har ɗan yatsan ƙafa, ƙafar tana dindiris. Likitan da ya duba ni ya ce, "Malam, ƙwayar nan ce ta ci maka ciki, kwanciyar kuma ta ƙara sandarar da bayan. Kurkum bai ɗaga maka buhu ba, ba kuma zai sauke maka shi ba." Jijiya ce ta danne a ƙasan gadon baya.

Ban ce kurkum banza ba ne. A cikinsa akwai sinadarin kurkumin mai rage kumburi, sai dai bai fi wajen kashi 3 cikin 100 na garin ba, kuma ɗan kaɗan ne hanji ke tsotsa. Wani bincike da aka yi a Bangalor ta Indiya a 1998 ya nuna cewa sinadarin da ke cikin masoro yana ninka abin da ke shiga jini har sau 20, dalilin da ya sa ake cewa a haɗa su ke nan. Amma yawancin gwajin da aka yi a kan mutane na ciwon gwiwa ne, kuma sauƙin da aka gani matsakaici ne. A kan ciwon baya hujjar ba ta da ƙarfi. Ga kuma abin da ke ruɗin mutane: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma mafi yawan sabon ciwo yakan lafa da kansa cikin mako 6. Duk abin da ka sha a tsakanin nan shi ne zai kwashe yabo.

Yawansa ma yana da illa, abin da masu saƙon murya a WhatsApp ba sa faɗa. Ma'aunin da masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa shi ne miligiram 3 na sinadarin kurkumin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 60, ƙaramin cokalin shayi biyu na garin ya kusa cika masa ma'auni. Ni kuwa da cokalin cin abinci nake kamfata. A Italiya a 2019 an samu mutane da ciwon hanta bayan shan ƙwayoyin kurkum, hukumar lafiyar abinci ta Faransa ma ta yi gargaɗi a 2022. A Bangaladash an gano ana ƙara wa kurkum launi da sinadari mai dalma. Tun da na ji wannan, saiwar nake saye a daka mini a gida. Mai tsakuwar ƙoda ko ta matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, su tsaya ga na miya.

Abin da ya taimake ni ba shi da daɗin ji, don ba a sayar da shi a kwalba. Na koyi durƙusawa da gwiwa in rungumi kaya kusa da ƙirji kafin in miƙe. Buhu sai mu biyu, ruwa kuma a kura, ko a biya ɗan ga-ruwa. Idan ciwon ya motsa, hutun yini ɗaya ko biyu ya isa, daga nan in fita tattaki bayan La'asar. Kai mai kabu-kabu, da kai tela da ke wuni kan keke, ku riƙa tashi kuna miƙe baya kafin ya tilasta muku.

Akwai kuma ciwon bayan da ba a tsayawa dafa masa komai. Idan ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba ba da saninka ba, a tafi likita a ranar. Haka idan ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya. Ciwon gefe guda da zafin fitsari yakan zama na ƙoda, mai sikila kuwa da wanda ya faɗo daga babur kada su kwana da shi a gida.