Yadda Na Gano Abin Da Ke Shanye Wa Tsohuwar Motata Baƙin Mai Da Ƙarfi

Motata Toyota Camry ce ƙirar 1999, irin mai siririyar fitilar bayan nan, injinta 5S-FE mai silinda huɗu, lita 2.2. 'Yar Kwatano ce, a hannu na saye ta nan Jos, kuma ta yi shekaru ba ta nemi komai a wurina ba sai juye da taya da birki. Da tsufa ya zo mata, abu biyu ya kawo kusan lokaci guda: ta fara shan baƙin mai, ƙarfinta kuma ya ragu. A cikin gari ba ka cika lura ba. Amma idan na taso daga Akwanga na iso Hawan Kibo, sai in take totur har ƙasa, giya ta sauko, inji ya yi ta kuka, motar kuwa tana jan ciki, manyan motoci na bina da hon.

Garejin farko da na kai ta, ko bonet ba a gama ɗagawa ba aka yanke hukunci: ring, wato zoben da ke jikin fistin, ya tafi, ko dai a sauke inji, ko a sayo na Beljiyam a ɗora. Ban yarda ba, don babu wanda ya auna komai. Sauke inji kuɗi ne mai yawa, injin Beljiyam kuma ba ka san tarihinsa ba sai ka ɗora ka tayar.

Na fara da sanin yawan man da take sha, domin "tana shan mai" magana ce kawai. Na ajiye ta a wuri mai baje, da safe kafin a tayar na cika mai daidai alamar F a sandar awo, na rubuta lambar da ke kan mita. A wannan injin, tsakanin L da F kusan lita ɗaya ne. Wanda motarsa ta fito daga Amurka ya tuna cewa mitarsa mil take ƙirgawa, sai ya ninka da 1.6 kafin ya sami kilomita. Tawa kafin ta yi kilomita dubu, man ya sauko har L. Wannan ya yi yawa ƙwarai ga injin da duk abin da yake ɗauka bai kai lita huɗu ba.

Mai kuwa hanya biyu yake bi ya bar inji, ko ya zuba ko ya ƙone. Na sa aka wanke injin tas, na riƙa shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare. Na ga 'yan ɗigo ta wajen murfin belin taimin, gefen murfin bawul ma ya yi damshi, amma ba abin da zai cinye lita guda ba ne. Ke nan yawancinsa ƙonewa yake yi.

A nan ne na daɗe, kuma a nan na fi ƙaruwa. Hayaƙin salansa yana faɗa maka abubuwa da yawa idan ka lura da launinsa da kuma lokacin da yake fita. Baƙi na nufin fetur ya yi wa iska yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa ko da inji ya ɗumama, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gaskit ɗin kan silinda ne. Kada a haɗa shi da farin tururin da kowace mota ke fitarwa da sanyin safiyar Jos, wanda ke ɓacewa cikin 'yan mintuna. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri shi ne na baƙin mai. Na sa ƙanena ya tsaya a baya na tayar da ita bayan ta kwana: ta furzo shuɗin hayaƙi guda, sannan ta share. Ya bi ni da babur muka nemi gangara mai tsawo, na ɗage ƙafa daga totur har ƙasa, da na sake takawa sai ga wani gajimaren ya fito. Amma a miƙaƙƙiyar hanya, ko na taka da ƙarfi, hayaƙin ba ya ci gaba. Injin da ring ɗinsa ya mutu ya fi yin hayaƙi lokacin da aka matsa masa. Wanda robobin wuyan bawul ɗinsa suka bushe kuwa, mai na tsiyayowa cikin silinda ne idan ya kwana, ko a gangara lokacin da totur ke rufe inji na zuƙa da ƙarfi. Alamun motata duk wajen bawul suka nuna.

Da wannan bayanin na tafi wurin wani dattijon bakanike da aka kwatanta mini, wanda ke da gejin auna matsin silinda. Na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce, "Malam, ka rage mana rabin aiki. Amma bari mu ji ta bakin injin."

Ya ɗumama ta, ya kwance fulogi huɗun ya jera su bisa tsumma yadda suke a inji. Biyu sun yi wani kakkauran ɓawo mai launin toka a baki, irin wanda ƙonannen mai ke bari. Sannan ya cire fis ɗin fetur, ya sa yaron shagonsa ya take totur har ƙasa ya yi ta murza makulli, shi kuma yana bin ramukan da geji. Littafin gyaran wannan injin ya ce lafiyayyen matsi 178 ne a ma'aunin psi, kada ya gaza 142, kuma kada tazarar silinda da 'yar'uwarta ta wuce 14. Nawa duka huɗun sun haura mafi ƙarancin da nisa, kuma suna kusa da juna. Ya tsiyaya mai kamar cokalin shayi a kowane rami ya sake aunawa, allurar ta ɗan motsa kaɗan kawai. Da ring ne ya cinye, man zai like gefen fistin, matsin ya yi tsalle.

Na ce, "Baba, ke nan ring lafiya lau?" Ya ce a'a, kada in yi saurin murna. Gejin yana gaya mana lafiyar ring biyu na sama ne, masu riƙe matsi. Na ukun, mai share mai daga bangon silinda, yana iya maƙalewa da dauɗa geji bai sani ba. Abin da dai ya tabbata shi ne, rashin ƙarfin ba daga matsi yake ba. Wannan gaskiyar da ya faɗa mini ita ta sa na bar masa motar.

Daga nan ya zaro wani ɗan abu daga saman murfin bawul, bai fi babban yatsa ba, bawul ɗin numfashin inji da ake kira PCV. Ya kaɗa shi kusa da kunnena, shiru. Mai lafiya ƙara yake yi ƙwas-ƙwas. Wannan ya toshe da wani baƙin danƙo, tiyonsa ya bushe har ya tsage. Aikinsa shi ne fitar da iskar da ke taruwa a cikin kwanon mai bayan ta sulale ta gefen fistin. Idan ya toshe, iskar sai ta nemi mafita da kanta: ta tura mai ta robobin da suka tsufa, ta kuma kora wani ta ɗayan tiyon zuwa hanyar shan iska. Da muka cire babban tiyon da ke zuwa totur, cikinsa sharkaf da mai. Abin takaici ne yadda ake sauke injuna a garuruwanmu ba tare da an taɓa kaɗa wannan ɗan abin ba, alhali yana cikin mafi arahar kayan inji.

Saura batun ƙarfi. Wani abokina ya dage cewa tudun Filato ne kawai, kuma yana da 'yar gaskiya: Jos na kan tsawon kusan mita 1,200, injin da ba shi da tobo kuma yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300. Sai dai tudun bai ƙaru ba, kuma da can motar tana hawansa ba gardama. Dattijon ya haɗa gejin zuƙar iska a jikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, ya riƙe inji a juyi 2,500 a minti ɗaya. Maimakon allura ta tsaya, sai ta riƙa sauka sannu a hankali, alamar hayaƙi ba ya samun hanyar fita. Ya kwance sansar da ke auna iskar cikin hayaƙi a gaban salansa don hayaƙi ya sami ƙofa, muka ɗan zaga da ita. Ƙara ta cika unguwa, amma motar ta zabura yadda na daɗe ban ji ba. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ita ce ta toshe. Da aka sauke ta muka haska tocila, yawancin ƙananan ramukanta sun cike da toka, wani gefen har ya narke. Man da injin ya daɗe yana ƙonawa ne ya bar wannan tokar, fulogin da suka yi ɓawo kuma suna barin ɗanyen fetur ya wuce ya ƙone a cikinta. Injin da ba ya iya fitar da hayaƙi ba zai iya shaƙar sabuwar iska ba, kamar a ce mutum ya yi gudu an toshe masa hanci. Ciwo biyun da na zata daban-daban, ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Mutane da yawa sun ba ni shawarar a farfasa cikinta a zubar a mayar da kwankon. Ban yi ba. Hayaƙin da za ta riƙa fitarwa yaran da ke bakin titi ne za su shaƙa, ni ma ina shaƙa a cunkoso. Na nemi wata mai kyau aka ɗora, amma sai bayan an gama aikin mai, don in ba haka ba sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi. Duk mai irin wannan aikin kuma ya tsaya a kan motarsa, domin matatar na ɗauke da ƙarafa masu tsada, akwai masu sayenta ko ta lalace.

Robobin bawul goma sha shida ne, na shan iska daban, na fitar hayaƙi daban. Dattijon ya canza su ba tare da ya sauke kan silinda ba: ya cusa igiya mai laushi ta ramin fulogi, ya ɗago fistin ya danne ta don kada bawul ya faɗa ciki. Tsofaffin da ya ciro sun ƙandare, ka matsa su da yatsa su dare. Tunda an riga an buɗe gaba, aka canza belin taimin da robobin da ke bayansa da gaskit ɗin murfi, aka sa sabon PCV da tiyonsa, fulogi da filtar iska.

Mai kauri irin 20W-50 da ake cewa yana tsayar da hayaƙi, ɓoye shi kawai yake yi, kuma da sanyin asuba yana jinkirin isa saman inji. Na koma 10W-30 na galan mai hatimi, na daina sayen na kwalba a bakin hanya.

Har yanzu tana ɗan taɓa mai, tsakanin juye da juye yakan sauko kusan rabin sanda, kuma ina zargin ring ɗin nan na uku da dattijon ya ambata. Duk mako ina zaro sandar in rubuta abin da na gani. Mun yi da shi cewa idan ta koma cin lita guda a kilomita dubu, ko hayaƙi ya fara fita lokacin da na matsa mata, a lokacin ne za mu sauke injin.