Santimita Goma

Har yau idan na ɗaga almakashi zan yanka shadda mai tsada, sai hannuna ya ɗan tsaya. Shekara uku ke nan abin bai sake ni ba.

Ni tela ne, haifaffen Fagge a Kano. A watan Oktoban 2022 na shigo Damagaram, a ƙasar Nijar, ta Daura da Kwangwalam da Matamaye, daga ni sai jaka ɗaya da tef ɗin awo a aljihu. Wani aminin marigayi mahaifina ne ke da shagon ɗinki a unguwar Zango, yana neman wanda ya iya kaftani da aikin wuya. Tafiyar ko kusa ba ta kai nisan Kano zuwa Abuja ba. Mutanen Hausawa ne, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, don haka ko a raina ban kawo cewa ƙasar waje na zo ba.

Kuɗi ne suka fara nuna mini. Mai shayi ya ce "ɗari", na miƙa masa sefa ɗari, ya tsaya yana kallona. Ashe a nan da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, ɗarinsa kuwa sefa ɗari biyar, jika kuma dubu. Wannan cikin mako guda na gane shi. Awo ma bai ba ni wuya ba: mu yadi da inci muka sani, su mita da santimita, sai ka juya bayan tef ɗinka kawai. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk wanda ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar nan, zai yi maka Hausa tatacciya, amma da ya zo kan lamba sai bakinsa ya juye Faransanci. Lambar waya, ƙarfe nawa, awon jiki, duk haka.

A watan Disamba aka kawo mana gezna fara, ɗinkin ango. Angon yana aiki a Yamai, sai ya turo awonsa ta murya a WhatsApp. Maigida ya tafi ta'aziyya Mirya. A shagon daga ni sai yaron da ke sa mana maɓalli, ɗan shekara goma sha uku, wanda kullum da safe yake tafiya lakwal da kayensa, wato littafin rubutu, a hammata. Na saurari muryar sau uku. Da ya zo tsawon wando na ji "katar-ban", na san tamanin ne, na ji "wit" a ƙarshe, na san takwas ne. Na rubuta 88. Akwai wata 'yar "diz" a tsakiya da kunnena ya tsallake. Su Faransawa 98 ɗinsu ashirin huɗu ce da goma sha takwas, kuma goman nan ce na yar.

Wallahi zuciyata ta faɗa mini. Santimita 88 bai cika inci 35 ba, na san gajere ne ga wandon babban mutum. Na dubi yaron nan, bakina ya yi nauyi. Ni da na shekara goma sha huɗu a kan keke, in tambayi mai sa maɓalli? Na ce a raina ƙila angon gajere ne. Na yanka.

Ana jibi ɗaurin aure angon ya iso. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar shago. Da ya fito daga bayan labule, wandon a ƙwaurinsa ya tsaya.

Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi, don mu teloli mun saba, a Kano jajiberin salla babu kalar da ba ma ji. Babu wanda ya ɗaga murya. Yayan angon ne ya dafa kafaɗar maigida ya ce, "Alhaji, a bar maganar. Baƙo ne, bai yi lakwal ba." Cikin tausayi ya faɗa, na sani. Amma ni na gama sakandare. Ina karanta Turanci, ina karanta Larabci, ina rubuta Hausa da boko da ajami. A gaban yaron shago aka ce ban yi makaranta ba, kuma babu bakin musu, ga shaida nan a ƙafar mutum. Maigida ya hau kabu-kabu ya je Kasuwar Dole ya samo wata shaddar, na kwana ina ɗinkawa. Ya ce ya yafe kuɗin, na ce sam, sai an riƙa cirewa a aikina. Sai da na yi wata biyu ina biya. Wandon kuwa na ninke shi na cusa a ƙasan jakata.

Da wannan zafin na shiga 2023. Ranar 1 ga Janairu na sayi kaye da bik, wato biro, na zauna bayan sallar asuba na rubuta abin da zan yi kafin shekara ta fita. Zan iya Faransanci har in yi magana da kowa. Zan canza wa Umma rufin ɗakinta da ke yoyo tun rasuwar Baba. Zan ƙara izifi biyar a haddata. Zan sayi keken kaina. Na tsara wa kaina kalma talatin kullum, da shafi guda na hadda, da adadin da zan riƙa ajiyewa duk Juma'a.

Makon farko ko barcin kirki ban yi ba don ɗoki. Cikin Fabrairu kalma talatin ta koma goma. A gida kuma lokacin ne aka shiga wahalar canjin takardun naira, in tura kuɗi su shiga asusun ƙanena amma a rasa tsabar da za a sayi ko gawayi, sai hankalina ya rabu biyu. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, kuma kowa ya san azumin tela: daga tarawi sai keke har sahur. Bayan salla zafin Damagaram ya sauko. Garin a kan duwatsu yake, rana ta gasa su, da dare su riƙa huci. Ruwa ya yi wuya, ka ga jarkoki rawaya sun yi layi a bakin famfo tun tsakar dare, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Mutumin da ya tashi ƙarfe uku neman ruwan wanka, ina ya ga ƙarfin bitar kalmomi? Kayen ya koma abin da nake ɗora alli da allura a kai. Duk lokacin da idona ya faɗa kansa sai in ji kamar na ci bashin wani na gudu, in kawar da kai.

Wani dattijo ne ya ɗaga shi. Tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, duk unguwa Mushe ake ce masa. Ya kawo riga a rage masa hannu, yana jira sai ya ɗauki kayen ya kaɗe ƙurar ya buɗe. Ya ga shafukan Janairu cike, na Fabrairu rabi, daga nan fari fat. Ya ce, "Ɗana, wa ya ɗora maka wannan kaya?" Na ce ni ne, Baba. Sai na samu kaina ina ba shi labarin wandon, abin da ko Umma ban gaya wa ba.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "To kai da lamba ta kayar, me ya kai ka ga dukan harshe? Fara da inda ka faɗi. Shekarar Nasara ta yi nisa, amma ga ta Musulunci za ta kama. Ranar ɗaya ga Muharram ka same ni a fada bayan lisha."

Haka aka yi, a tsakiyar Yulin 2023, farkon 1445. Fadar tasu tabarma biyu ce da benci a ƙofar wani gida, da ɗan murhun waya da butar shayi. Tsakanin shayi na fari da na biyu lokacina ne. Lamba goma kacal, ya faɗa in rubuta, in faɗa ya gyara. Idan mun gama ya karɓi bik ɗin ya ja ɗan layi ɗaya a bangon kayen. Sharaɗinsa guda: "Ranar da ka gaji, zo ka yi biyu ka tafi. Amma ka zo." Ya kan kawo hadisin nan na Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Na san hadisin tun ina Islamiyya, amma ban taɓa kawo shi kusa da kayena ba. Abin da na lura a kaina shi ne, alƙawarin da na yi wa takarda ban ji kunyar saɓa shi ba, amma ba zan iya barin dattijo mai furfura ya zauna jirana ba.

Da tarihin garin ya riƙa koya mini manyan lambobi. Ya ce faɗi 1899, shekarar da Faransawa suka ci Damagaram, sai ga "katar-ban-diz" ɗina a ciki. Faɗi 1926, da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan aka kai Yamai. Faɗi 1960. Daga nan ya zarce labarin Sarki Tanimu da ganuwar Birni da bindigoginsa na igwa, har shayi ya huce. Ni da nake ganin babu birni sai Kano, ranar da na bi lungunan Birni na tsaya a ƙofar fadar Sultan sai na ji garin ya cika mini ido.

Ba mu fi mako guda da farawa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa wannan yanki ta layin Katsina. Keken surfani ya tsaya, muka koma na ƙafa. Dare ya yi tsawo, aiki ya ragu, da fitilar waya nake rubutu. Abin da ya fi ci mini rai ba wutar ba ce. Gida na nan kusa, tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, amma ya zama kamar bayan teku.

A watan Nuwamba aka aurar da ƙanwata. Ni na riƙa goya ta zuwa makarantar allo, ni na ɗinka mata rigarta ta sauka. Akwai masu bi ta daji a kan babur, na shirya zan bi, maigida ya ce amanata aka ba shi, ba da yawunsa ba. Umma ma ta ce, "Babana, zauna inda kake. Albarkarka ta iso." Kayan fitar biki dai na ɗinka na ba wani ɗan kasuwa ya tsallaka da su. Ranar ɗaurin aure ƙanena ya kira ni ya ɗaga wayar sama a cikin masallaci, ina zaune a shago ni kaɗai na ji ana shafa fatiha. Na kifa kai a kan keke na yi kuka. Da dare na je fada, ko lamba ɗaya ban iya faɗa ba. Mushe ya zuba mini shayi, ya karɓi kayen ya ja layinsa.

Sai a Maris na 2024 aka buɗe iyaka, na je ƙaramar salla. A lokacin naira ta faɗi har jika guda ta haura naira dubu biyu, ɗan abin da na tara ya yi auki, aka sayi kwano da katako aka rufe ɗakin Umma kafin damina. Na yi murna, amma murnar da ɗaci a ciki, don faɗuwar da ta ɗaga ni ita ce ta sa mudun shinkafa ya gagari gidanmu. Na tarar Umma ta rame. Ta daina shan shayi da madara, ta ce wai ba ya yi mata daɗi yanzu, alhali na san dalili.

Ita ce ta ci karo da wandon tana gyara mini jaka. Ta ɗaga shi ta ce wannan shadda mai kyau ta wace ce? Na ba ta labari tun daga farko. Ta yi shiru, can ta ƙwala wa autanmu kira ta ce ya gwada. Kamar don shi aka yanka. Da shi ya je idi.

Yanzu ina karɓar awo ta waya ba gargada, ina rubuta rasit, ina gane rabin labaran rediyo. A 2025 da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar na ji daɗi har cikin raina, na ce wa Mushe to ko mu huta? Ya ce ango na gaba ma da "katar-ban" zai turo awonsa. Hadda kuwa izifi biyar ɗin nan ɗaya da rabi na samu a shekara uku, kuma har yanzu a kan keken maigida nake. Wani lokacin idan na ga sa'o'ina a Fagge sun buɗe shagunansu sai in kwana ina juyi. Yaron maɓallin nan yanzu ya fara yanka, kuma idan kalma ta shige mini duhu shi nake tambaya a gaban kowa.

Kayen bana abu biyu kawai na rubuta a ciki, keke da ɗaki mai ɗan faɗi. Autan ya gama sakandare, babu aikin yi, Umma tana tsoron zaman majalisa ya lalata shi, tana so ya taho wurina ya koyi sana'a. Shekaranjiya muka yi waya, ta ce wandon ya ɗage masa, ya yi tsawo har ya kusa kamo ni. Ta tambaye ni ko da gaske ne ruwa na wuya a garin, don yaron ba ya jure ƙishi. Na ce mata akwai randa biyu a ɗakin da nake nema. Ta ce to bayan salla, in Allah Ya kai mu, in zo in tafi da shi da kaina, kada a sa shi a mota shi kaɗai.