Ƙungiyar ƙwadago da kuɗin masu tallafi: abin da ake bayarwa da abin da ake bukata

Duk wanda ke bin hanyar Marwa zuwa Mora zuwa Kusuri a arewacin Kamaru ya san irin allunan nan da ake kafawa a bakin aiki. A sama sunan ma'aikatar gwamnati, ƙasa da shi tambarin wanda ya ba da kuɗin, sai sunan kamfanin da ya ci kwangila, da yawan kuɗin, da watannin da aikin zai ɗauka. Babu layin da ya ce leburori nawa za a ɗauka, nawa za a biya su a rana, ko wa zai ɗauki nauyin wanda injin ya taka. Wannan layin da ba a rubuta ba shi ne aikin ƙungiyar ƙwadago, wadda a nan muka fi kira sandika. Abin takaici, yawancin sandikokinmu ba su san cewa a kan takarda an riga an ba su ƙofar shiga ba.

Tun watan Oktoba na 2018 Bankin Duniya ya fara aiki da sababbin ƙa'idoji goma na kare muhalli da jama'a a ayyukan da yake ba gwamnatoci kuɗinsu. Ta biyu daga cikinsu kan ma'aikata take. Ta wajabta wa gwamnatin da ta ci bashin ta rubuta yadda za a ɗauki ma'aikata da yadda za a bi da su, a sanar da kowane ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, a buɗe masa hanyar kai ƙara da ba za ta jawo masa kora ba, a kuma mutunta 'yancinsa na shiga ƙungiya. Ƙa'idar ba ta tsaya kan ma'aikatan ofishin furoje ba, ta hau kan waɗanda 'yan kwangila suka ɗauka. Waɗannan takardu ana ɗora su a shafin intanet na Bankin, kowa na iya saukewa. Bankin Raya Afirka, wanda tare da Tarayyar Turai ya ba da kuɗin gadar Yaguwa da Bongor, shi ma yana da nasa sharuɗɗan makamantan waɗannan.

Inda abin ke lalacewa shi ne sarƙar kwangila. Babban kamfani ya ba ƙaramin kamfani haƙar magudana, ƙaramin ya ba wani mai kawo leburori, shi kuma ya tara matasan gari da baki kawai. Lebura ya yi wata uku yana karɓar kuɗinsa a hannu, ba takardar albashi, ba lambar CNPS, wato asusun inshora da fanshon ma'aikata na ƙasa. Ranar da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, babban kamfani ya ce bai san shi ba, kuma gaskiya ne, sunansa ba ya cikin kowane littafi. Shi ya sa aikin farko na wakilin sandika a bakin aiki rubutu ne: sunan lebura, ranar da ya fara, wanda ya ɗauke shi, kuɗin da aka yi masa alkawari, da hoton takardar sa hannun safe idan ana yinta. Da wannan littafin ake zuwa wurin sufeton ƙwadago. A Kamaru dokar ƙwadago ta 1992 ta ce rigimar ma'aikaci da mai gidansa sai ta bi ta hannun sufeto don sulhu, in sulhu ya gagara ya rubuta takardar shaidar hakan, sannan a wuce kotu. Bashin albashi kuma yana mutuwa bayan shekara 3. Da yawa sun rasa haƙƙinsu don sun zauna suna jiran “Alhaji zai duba” har lokacin ya wuce. Wata dabara da ake yi ita ce a rarraba ma'aikata ƙanana-ƙanana a hannun masu kawo leburori, don kada a kai mutum 20 da doka ta ce a nan ne ake zaɓen delege, wato wakilin ma'aikata.

Wannan aikin sa ido ne a ƙasa. Akwai kuma na sama, wurin da ake yanke shawarar inda kuɗi zai tafi, kuma Cadi tana da darasin da ya isa kowa. Lokacin da Bankin Duniya ya sa hannu a aikin bututun mai na Doba zuwa Kiribi, mai tsawon kilomita 1,070, sharaɗinsa shi ne dokar 1999 ta sarrafa kuɗin mai: kashi 10 cikin ɗari a ajiye wa 'yan baya, kashi 5 ga yankin da ake haƙar man, mafi yawan saura ga ilimi da lafiya da makamantansu. An kafa kwamitin sa ido, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun samu kujera a cikinsa. Mai ya fara gudana a 2003. A ƙarshen 2005 majalisa ta sauya dokar, aka soke asusun 'yan baya, zuwa 2008 Bankin ya janye daga aikin. Kujerar ta yi amfani, domin ta nan ne aka ji abubuwa da dama da ba za a ji ba. Amma wakili ɗaya da aka tura ya karanta kasafin ƙasa ba tare da masanin lissafi a bayansa ba, ba tare da kuɗin zuwa ya ga makarantar da aka ce an gina ba, iyakarsa ya sa hannu ko ya ƙi.

Da farashin mai ya faɗi a 2014, ma'aikata ne suka biya. Matakai 16 na tsuke bakin aljihu da gwamnatin Cadi ta fitar a 2016 sun zabge alawus-alawus, aka shiga yajin aiki na watanni, makarantu da asibitoci a rufe, aka sake komawa a farkon 2018 da aka taɓa albashi. UST, haɗaɗɗiyar ƙungiyar sandikokin Cadi, da sauran ƙungiyoyin da suka haɗa kai da ita sun nuna suna iya tsayar da ƙasa. Abin da suka rasa shi ne shiga maganar tun kafin a ƙulla ta. Yarjejeniyar da gwamnati ke yi da Asusun Lamuni na Duniya, kamar wadda Cadi da Kamaru kowacce ta sa wa hannu a 2017, takan zo da iyaka a kan kuɗin da za a kashe, har da na albashi. Sandikar da ta je teburin da nata lissafin, ta ce ga inda za a rage ba a taɓa malamin makaranta ba, ta fi wadda ta ji labari a rediyo ƙarfin magana nesa ba kusa ba.

To me sandika ke bukata daga abokan hulɗa na waje? Masu bayarwa suna nan. Akwai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, da aka kafa a 1919, mai ofis a Yawunde da cibiyar horo a Turin ta Italiya, ita ce kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ma'aikata ke zama da ƙuri'arsu tare da gwamnati da masu kamfanoni. Akwai babbar ƙungiyar sandikoki ta duniya, CSI, da reshenta na Afirka a Lome. Akwai gidauniyar Friedrich Ebert ta Jamus a Yawunde, da sandikokin Faransa da Beljiyam da Holan. Amma mafi yawan abin da ke isowa arewa taron bita ne: kwana uku a otal, mutum talatin, jaka da biro, kuɗin zama, hoto a ƙarshe. Mai bayarwa yana son taron bita don yana da sauƙin ƙirgawa, akwai takardar sa hannu da rasit. Sai ka ga fuskoki guda ne ke zagayawa daga wannan taro zuwa wancan, mutumin da ya koyi dabarun sasantawa sau biyar bai taɓa zama gaban mai kamfani ba.

Bukata ta farko, a ganina, ita ce rajistar 'yan ƙungiya da kuɗin wata. A ƙaddara reshen 'yan kalando, wato masu haya da babur, a Garwa yana da mutum 400, kowa na ba da sefa 500 a wata. Jaka 200 ke nan. Ya isa hayar ɗaki, da kuɗin waya, da ɗan abin da za a ba sakataren da zai zauna ofis, da asusun jinyar wanda ya yi haɗari. In rabi ne kawai suka biya, lissafin ya rushe. Kuma mutane na daina biya ne saboda dalilai sanannu: an karɓa ba rasit, kuɗin na aljihun shugaba ba a asusu ba, shekara ta zagayo ba a karanta lissafi a bainar jama'a ba. Maganin ba shi da tsada. Littafin rasit mai lamba da kwafi biyu, ɗaya ga mai biya ɗaya ga ma'aji. Asusu da ba a cire kuɗi sai da hannu biyu. Biya ta waya, Orange Money ko MTN a Kamaru, Airtel ko Moov a Cadi, zuwa lambar ƙungiya, kada ta zama lambar wani mutum. Lissafi a liƙe a bangon ofis duk wata uku. Mai tallafin da ya biya kuɗin kwamfuta ɗaya, da horar da ma'aji na wata shida a wurin aikinsa, da mai binciken lissafi sau ɗaya a shekara, ya bar abin da zai rayu bayan tafiyarsa.

Ta biyu lauya, ko aƙalla mutum biyu a kowane reshe da suka san dokar ƙwadago har su iya lissafa kuɗin sallama da na hutun da ba a ci ba. Mafi ƙarancin albashi a Cadi jaka 60 ne. A Kamaru, gyaran 2023 ya sa shi jaka 45 a aikin gona, jaka 60 a sauran sassa masu zaman kansu. Mai gadi ko mai shara da ake ba jaka 30 sau da yawa bai ma san an tauye shi ba. Takarda ɗaya da ta faɗi wannan da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa, ko saƙon murya na minti biyu a WhatsApp ga wanda ba ya karatu, ta fi littafi mai shafi ɗari da Faransanci isa inda ake so. Fassara kuwa kusan kullum ita ce layin da ake fara sokewa idan kasafin furoje ya matse.

Sai nisa. Hedikwatar manyan ƙungiyoyi tana Duwala da Yawunde da Injamena, kuma kuɗin tallafi a can yake sauka. Daga Yawunde zuwa Marwa sai an kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan a wuni a mota. Idan yarjejeniyar tallafi ba ta faɗi ƙarara kashi nawa zai je rassan yankuna ba, da sunan asusun da za a zuba, to ba zai zo ba. Ba lallai don wani ya ci ba. Na kusa da tukunya ke fara ɗiba.

A kuma duba su wa ke aiki a yankinmu. Ban da ma'aikatan gwamnati, da na Sodecoton a Garwa, da na Semry a Yaguwa, da na siminti a Figil, da na Cotontchad a Mundu, jama'a suna kasuwa ne da tasha da gona: masu dako a gadar Ngeli, mata masu busar da kifi a bakin Logon, mahauta, teloli, direbobin hanyar Duwala zuwa Injamena, malaman da iyayen yara ke biya a ƙauyukan Cadi. Waɗannan ba su da mai gidan da za a zauna da shi a tattauna albashi. Abokin maganarsu magajin gari ne a kan harajin rumfa, da ɗan sanda a kan shingen hanya, da CNPS a kan fansho. Shawarar OIT mai lamba 204 ta 2015 domin irinsu aka yi ta. A Kamaru tun 2014 mai sana'ar kansa na iya yin rajista da CNPS bisa raɗin kansa ya riƙa zuba wa kansa kuɗin fansho, amma cike takardu da zirga-zirgar ofis kan sa mutum ya haƙura. Sandikar da ta tara takardun mutum hamsin ta kai su rana ɗaya, ta riƙa bin biyan kuɗinsu, ta samu dalilin da zai sa a riƙa ba ta kuɗin wata da daɗin rai. Mata kuma ba za su zo taron da aka sa bayan magariba ba, sai a sa shi da hantsi a ranar da ba ta kasuwa ba.

Akwai illar da kuɗin waje ke yi wadda ya kamata a faɗa. Yana raba kan ƙungiyoyi. Kujerar shugaba ta zama hanyar tafiya Janeba da kuɗin zama, wanda ya faɗi zaɓe sai ya ɓalle ya kafa tasa, kuma a Kamaru mutum 20 sun isa neman rajistar sabuwar sandika. Gwamnati da masu kamfanoni sai su zaɓi wanda ya fi sauƙin kai su zauna da shi. Dukkan ƙasashen biyu sun amince da yarjejeniyar OIT ta 87 kan 'yancin kafa ƙungiya tun 1960, kuma ba wanda zai so a taɓa wannan 'yanci. Mai tallafi ne ya kamata ya tambaya kafin ya sa hannu: yaushe aka yi babban taro na ƙarshe, mutum nawa suka biya kuɗin wata a bara, ina shaidar banki. CSI da kanta ta amince a 2011 da ƙa'idoji takwas na irin wannan haɗin gwiwa, kuma a cikinsu akwai cewa 'yan ƙungiya ne ke da ikon tsara abin da suke so, a mutunta cin gashin kan sandika, a bayyana lissafi ta ɓangarorin biyu. Ɓangarorin biyu na nufin sandikar Marwa ma tana da haƙƙin sanin nawa aka karɓo da sunanta a Turai, nawa ya tsaya a hanya.

Wa'adi ma abin dubawa ne. Furoje na wata 18 yakan cinye shida a jiran kason farko, uku na ƙarshe a rubuta rahoto, ga damina da ke yanke hanyoyin karal, wato na ƙasar laka, a tsakanin Yuli da Oktoba. Gina reshe mai tsayuwa da ƙafarsa yana son shekara huɗu zuwa biyar, da kason mai tallafi yana raguwa a hankali: ya ɗauki duk albashin sakatare a shekarar farko, kashi uku cikin huɗu a ta biyu, rabi a ta uku, kuɗin wata na cike gurbin. A rubuta wannan jadawalin cikin yarjejeniyar tun ranar farko, a karanta shi gaban 'yan ƙungiya da yaren da suke ji, kowa ya san watan da nauyin zai dawo kansu.