Yayanmu ɗan kwana-kwana ne, kuma ya daina zama gida ranar babbaka

Na daɗe ina son rubuta wannan abun, sai in fara in goge, saboda magana ce ta cikin gida kuma kun san mu da rufa-rufa. Jiya ne autanmu ya shigo da rana tsaka da fayil a hammata wai daga kafe yake, ya je a duba masa ko an buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, shi fa ala dole sai ya sa kaki, ko soja ko sibil difens ko kwana-kwana duk wanda ya faɗo. Umma tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce "je ka ka tambayi yayanku tukunna". Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. To wannan ce ta sa na ce bari dai in zauna in rubuta, kuma na nemi izininsa, ya ce in rubuta amma kar in sa suna kar in sa unguwa.

Yaya ya haura shekara goma yana aikin kashe gobara a nan Kano. Mutane sun ɗauka aikin kawai a zo da jar mota ana jiniya a fesa ruwa a koma ofis a ci gaba da hira. Ina! Yaro ya faɗa rijiya su ake kira, samari sun je wanka kududdufi ɗaya bai fito ba su ne, gini ya rufta su ne, tirela ta danne adaidaita an kasa zaro mutane su ne, kai har sa in ya zurma rami su za a nemo. Da damina ruwa ke cin mutane, da hunturu kuma wuta, kaskon garwashi da aka shiga da shi ɗaki, hita da aka manta a bokiti aka ɗauke wuta sai cikin dare aka dawo da ita kowa na barci. Shekara ba ta da lokacin hutu a wurinsu.

Abin da ya fara ankarar da ni wata Babbar Sallah ce. A gidanmu washegarin layya ake babbaka, a haɗa wuta a ƙofar gida yara su kewaye, kuma tun muna ƙanana Yaya ne sarkin wannan aikin, shi ke kankare kai da ƙafa da wuƙa yana tsokanar mu wai duk wanda ya ci idon rago shi zai zo na ɗaya a makaranta. To wannan shekarar ana ɗora kan a wuta gashin ya fara ƙauri sai na ga mutum ya tsaya cak, wuƙa a hannu, gumi na keto masa alhali da safe ne, ya sunkuya ya ajiye wuƙar a hankali kamar mai tsoron kar ta fashe, ya zagaya bayan gida ya dinga kwara amai. Mu da rashin sani muka ce ai naman jiya ne ya ɓata masa ciki, Umma ta jiƙa masa jar kanwa, ya karɓa ya sha bai ce uffan ba. Shekarar da ta biyo tun asuba ya fice wai yana duti. Ta ukun ma haka. Daga baya na gane shi yake roƙon a sa shi aiki ranar.

Sai da aka kwashi lokaci, wata rana ya kai ni Rijiyar Zaki a babur muna dawowa, ni ina baya ba ma kallon juna, wataƙila shi ya sa bakinsa ya buɗe. Ya ce wata gobara ce a wani lungu cikin gari da tsakar dare, lungun ko kurar ruwa da kyar take wucewa balle motarsu, dole suka tsaya a bakin titi suka yi ta jona tiyo, kafin su isa wuta ta gama cin ɗakin, tagar kuma an mata ƙarafuna saboda ɓarayi, uwa da 'ya'yanta suna ciki. Shi ya ɗauko ƙaramin ya fito da shi a hannu. Ya ce "ke, warin fa iri ɗaya ne". Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba, muka yi shiru har gida.

Matarsa kuwa dama ta daɗe tana haƙuri ba ta faɗa mana ba. Da na matsa mata ta ce Yaya ba ya barcin kirki, ƙarfe biyu ƙarfe uku zai zabura yana shinshine-shinshine wai yana jin ƙauri, ya bi gidan kaf yana zare soket, tukunyar gas kuwa kullum sai ya kwance ta ya fitar tsakar gida kafin ya kwanta, wata rana ya ga ɗansa da ashana a hannu ya daka masa tsawar da sai da yaron ya saki fitsari, daga baya shi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa tana jin shi yana kuka ƙasa-ƙasa. Mutumin da a da in yana gida ba ka jin komai sai dariya ya koma zaman zaure shi kaɗai, waya in ta yi ƙara sai ka ga ya firgita.

Kuma abin da ke ƙara cin ransa ba gawar ba ce kaɗai. Mu ne. Mu mutanen gari. Yana cikin waɗanda suka kwana a kasuwar Sabon Gari lokacin babbar gobarar nan ta watan Maris na 2016 da ta cinye dubban shaguna, ya dawo idonsa jawur muryarsa ta dishe, amma ya ce wannan duk da girmanta bai ji ta kamar ranar da aka jefe su da dutse a wata unguwa ba, wai sun zo a makare kuma sun zo ba ruwa. Ni kaina a da ina cikin masu cewa haka, Allah Ya yafe min. Sai da ya zaunar da ni ya min bayani, tankin motar nan lita 'yan dubbai ne, in aka buɗe tiyo da ƙarfi mintuna kaɗan ya ƙare, in babu famfon gobara a kusa dole mota ta juya ta je ɗibo wani, shi kuma wanda ya iso daga baya abin da zai gani kawai mota ta tafi wuta na ci. Sannan sau tari mutane sai sun gama fama da bokiti da ƙasa abin ya fi ƙarfinsu kafin wani ya tuna ya buga waya, ga cunkoso, ga masu motar da ko jiniya ta fasa musu kunne ba za su matsa ba, ga 'yan kallo sun cika hanya kowa ya ɗaga waya yana bidiyo. Ka shiga wuta don wani ka fito ɗan'uwansa ya fasa maka goshi, ka dawo gida kuma a ce ka zama namiji.

Wannan "zama namiji" ɗin ita ce ta cinye mana maza da yawa wallahi. Da abin Yaya ya fito fili kowa da fassararsa, gwaggonmu ta ce gamo ya yi a rijiya, ai ba a shiga rijiyar mutane haka kawai, wani ya ce sammu ne daga wurin aiki, wani ma ya raɗa min ko ya fara shaye-shaye ne. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, hayaƙin ma da aka kunna sai da ya gudu daga ɗakin, ku ji fa. Ni ban raina addu'a ba ko kaɗan, har gobe muna yi, amma ai wanda ya karye ma ana masa addu'a kuma a kai shi wurin mai ɗori.

Wata ƙawata nas ce ta ce mu gwada ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ranar da na faɗa masa sai da ya kusa mari na, ya ce "wato Dawanau za ku kai ni, na haukace kenan?" Kun san a Kano in aka ce Dawanau ko dai kasuwar hatsi ko asibitin nan na masu taɓin hankali, kuma da sunan ake zagi tun muna firamare. Sai da Umma ta sa baki, ta ce masa "in ka ɗauke ni uwa ka je". Ya je yana huci.

Likitan ya ce abin yana da suna, PTSD suke ce masa, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mutum ya ga tashin hankali. Ya ce bayan mummunan abu kusan kowa zai yi kwanaki yana razana, wannan ba komai ba ne, amma in ya wuce wata guda mutum na ta mafarkin abin, yana ganinsa kamar yanzu yake faruwa, yana gudun duk abin da zai tuna masa, kullum a ɗarare ga saurin fushi, to ya zama ciwo. Ƙwaƙwalwa ce ta haɗa wani wari ko wata ƙara da hatsari ta ƙi saki. A 1980 likitocin Amurka suka sa shi a littafinsu na cututtuka, kuma sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam na cikin dalilan da suka sa aka maida hankali a kai. Maganin mafi yawansa zama ne a yi ta magana da wanda ya san aikin, a koya wa mutum yadda zai fuskanci abin a hankali, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Abin da ya fi ba ni mamaki, wai har farkon 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar da ƙasar nan ke aiki da ita ta 1958 ce, tun ta zamanin Turawa.

Tun da likitan ya ambaci sojoji sai hankalina ya koma kan wani dattijo a layinmu, tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a shekarun 1990. Tun muna yara muka san shi in salansar babur ta yi tas sai ya duƙe ya kare kai, yara su yi ta dariya, manya su ce ai soja dama sai a hankali. Shekara nawa muna masa wannan dariyar. Duk 15 ga Janairu zai fito da hularsa ta 'yan mazan jiya ya goge takalmi ya tafi taro, ranar ce ƙasa ta ware don tunawa da su saboda a irinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970, a Abuja a ajiye furanni a saki fararen tattabaru, a yi addu'o'i a masallatai da coci. Kuma abu ne mai kyau, ni ba na cikin masu cewa ɓata lokaci ne. Kakanninmu an kwashe su har ƙasar Bama da ke Asiya a yaƙin duniya na biyu, barikin Bukavu da muke wucewa kullum sunan wani gari ne a Kwango inda sojojinmu suka yi aikin kiyaye zaman lafiya farkon shekarun 1960, mutum nawa ne suka sani? Ranar da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a yaƙin Boko Haram a Malam Fatori ta jihar Borno a watan Nuwamba na 2016 na tuna yadda Facebook ya cika da hotonsa, mutanen da ba su taɓa ganin sa ba suna kuka, kuma ya cancanta, Allah Ya jiƙan sa da duk waɗanda suka kwanta dama a dajin nan da ba mu ma san sunayensu ba.

Abin da ke damuna shi ne mu sai mutum ya mutu muke iya karrama shi. Wanda ya dawo da ƙafafunsa amma ya baro barcinsa a can, shi ba shi da fure ba shi da tattabara, sai dai a ce ya cika faɗa ko ya cika shiru. Ku tuna Juma'ar 20 ga Janairun 2012 da aka tayar da bama-bamai a garin nan, ku tuna harin masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki a Nuwamban 2014. Akwai mutanen da su suka kwashi gawarwakin nan da hannunsu, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, 'yan agaji, ma'aikatan asibiti, washegari kuma suka sa yunifom suka koma aiki kamar ba a yi ba. Suna nan cikinmu, muna haɗa sahu da su a masallaci. Dattijon layinmu kwanaki na kai masa kunu na zauna na ce Baba wai ya Laberiya take ne, ya kalle ni ya daɗe sannan ya ce "'yar nan, ke ce ta farko da ta taɓa tambaya ta a layin nan". Bai ba ni labarin ba fa, ya dai ce in dawo.

Yaya yanzu da sauƙi alhamdulillahi, ba wai ya warke sarai ba, har yanzu tukunyar gas a waje take kwana, amma yana barci, ya dawo tsokanar mutane, kuma ya ce akwai abokan aikinsa biyu da ya ja suka fara zuwa ganin likitan a ɓoye, ɗaya ma matarsa ba ta sani ba.

Da daddare auta ya same shi a zaure da fayil ɗin, ni ina daga soro na biyu ina jin su. Na zata zai hana shi. Sai na ji ya ce "aiki ne mai lada, ranar da ka zaro yaro da rai daga rijiya uwarsa ta riƙe maka ƙafa tana kuka ba za ka taɓa mantawa ba, cike fom ɗinka. Amma kar ka ba kowa ko sisi don ya samo maka, sannan duk ranar da ka dawo ka kasa cin abinci, kar ka ce min ciwon ciki ne, ka zo nan ka same ni." Auta ya ce to Yaya. Sai kuma ya ce masa ya fara gudu da asuba don da wannan tumbin ko katangar gidanmu ba zai haura ba.

Umma ta riga ta yanke hukunci, bana kan rago da ƙafafu gidan gwaggo za a kai a babbake a can, a dawo mana da su a wanke.