Lemu da Fashin Ruwa

Lambun da nake riƙe da shi yana Mirya, gabas da birnin Damagaram. Lemun tsami ya fi yawa, sai tanjalo da lemun zaƙi, ga kuma dashen da nake aurawa ina sayarwa. Mu huɗu ne, ni da yara uku, rabin aikinmu kuwa jan tiyo ne.

Mai sayen dashe tambayarsa ɗaya ce: "Malam, lita nawa zan ba shi?" Nakan ce ya fara tambayar bayan kwana nawa tukuna. Saiwar lemu ba ta nutsawa kamar ta gawo, mafi yawanta a sama-sama take. A jigawa irin tamu, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, wurin da ka jiƙa yau jibi ya koma gari. Ƙananan itatuwa yau a ba su, gobe a huta. Manya bayan kwana uku, da asuba. Da hunturu mukan ja har mako. Mai ƙasar laka in ya bi lissafina, saiwa ce za ta ruɓe masa.

Wata bazara injinmu na ban ruwa ya lalace, makaniki ya yi ta min gobe-gobe har kwana tara. Ganye ya nannaɗe, 'ya'yan da suka kai girman gyaɗa suka zube kamar an kakkaɓe su. Ranar da injin ya tashi, don zafin rai na sa aka cika kowane gindi maƙil. Manyan tanjalon da suka tsira sai suka dinga tsagewa a kan reshe, ɓawo ya riga ya ƙandare, ciki kuma ya kumbura. Wannan asarar laifina ce, ba na makaniki ba.

Ƙishin ma yana da ranarsa. In aka janye wa babban lemun tsami ruwa na 'yan makonni sannan aka sakar masa, sai ya ɓarke da fure. Da haka nake auna 'ya'ya su nuna lokacin azumi, sa'ad da Kasuwar Dole ta Damagaram ke neman lemu ido rufe. Ƙaramin itace dai ba a yi masa wannan wasa.

Yarana sun san dokar: a yi wa gindi tudu, ruwa ya zagaya daga nesa, don in ya kwanta a jikin kututture sai ƙaro ya fara tsatsowa, itacen ya bushe a tsaye. A bisa kuma mu shimfiɗa ɓawon gyaɗa, sai dai a riƙa leƙa gara.