Wasan da ba ya jiran ka idar da salla

Ranar Asabar ɗan yayata ya zo shagona da wata takarda da ya ja wa layi huɗu na wasannin kwamfuta: Minecraft, Terraria, ARK, Rust. Kowanne ya ba shi maki a kan kyan hoto, girman duniya da yawan makamai. Rust ne ya zo na ɗaya. Ya ce, "Kawu, in na sayar da wayata na haɗa da kuɗin lesin, za ka haɗa min kwamfutar da za ta ɗauke shi?" Yaron da saura wata huɗu ya zana jarrabawar fita sakandare! Sai da gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa jan irin wannan layin.

Da Minecraft na fara a 2012, a tsohuwar kwamfutar Babanmu, shekara biyu kafin Microsoft ya sayi kamfanin Mojang, mai wasan, a kan dala biliyan 2.5. Ka sari itace, ka haƙa rami kafin dare, koren dodon nan Creeper ya lallaɓo ya fashe maka a ƙofa. Amma in kai kaɗai kake yi, kana rufe kwamfuta duniyar ta tsaya cak, tana jiranka. Haka Terraria, wanda ya fito a 2011, shi a shimfiɗe yake kamar zane, ya fi yawan faɗa da manyan dodanni. Waɗannan ba su ci min komai ba, sai barcin rana.

A 2018, ina aji uku a jami'a, na shiga Rust. Za ka farka a bakin teku tsirara, daga kai sai dutse da 'yar wutar ice. Duniyar ba a kwamfutarka take ba, tana can a saba, wato wata babbar kwamfuta ta intanet da kowa ke shiga, kuma sauran da ke yawo a tsibirin mutane ne irinka. Ka fita daga wasan, gangar jikinka na nan kwance, gidanka na nan tsaye, mai bam ya zo ya fasa. Mako uku na yi ina tara ƙarfe da farar wuta, na sa ƙofa bayan ƙofa. Wani dare da hadari ya taso aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya, janareto ba mai. Da safe na tarar da bango a huje, akwatuna wayam, an bar min dutsena. Wallahi ranar ko koko ban iya sha ba. Abin takaicin, ko da ba su fasa ba, Alhamis ta farkon kowane wata ake share taswirar a koma farko. Na san da haka kuma na zauna gadi.

Daga nan sai ARK, wai zan huta. A can dabbobin zamanin da ake sumar da su, a yi ta ɗura musu abinci, wata sai an yi sa'o'i kafin ta saba da kai, jaririyarta kuma in ka yi sake yunwa ta kashe ta. Na riƙa saita ƙararrawa ƙarfe uku na dare saboda 'yar dabbar da babu ita, ni da sai an buga ƙofa nake tashi Asuba. Kwas biyu na faɗi, na ƙara shekara. Babanmu bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, gara ma da ya zage ni.

Amma kada a ce duk asara ce. Turancina a can ya nuna, wajen ciniki da faɗa da Turawa. Gyaran kwamfutar da nake ci da shi yau, wajen neman yadda tawa za ta daina tsinkewa na koya. Ko da yake, da na zauna a shagon wani wata shida da na koya ba tare da na rasa shekara ba. Allah dai ya kyauta.

Na yi niyyar ba ku shawara goma, da na zauna sai na ga ba su kai ba. Kada ka tambayi wanne ya fi kyau, tambayi wanne ne ke tsayawa in ka tashi. In duniyar na ci gaba kana barci, ba naka ba ne, ɗalibi. Duba nauyinsa kuma: ARK da taswirorinsa ya haura giga 100, Valheim kuwa, da wasu mutum biyar a Suwidin suka fitar a 2021, kusan giga ɗaya ne, yunwa ba ta kashe ka a ciki, kuma ku goma za ku iya haɗuwa. Yi da abokan da ka san gidajensu. Kai, abokan ma a yi hankali, su ne masu kiran "shigo an kawo mana hari" kana tsakiyar karatu. Ƙila gara kai kaɗai.

Ku kuma yaran yanzu ko wasan ba ku taɓa ba, bidiyon minti goma kuka kalla a YouTube, an yanke sa'o'i ashirin na saran itace, kun ɗauka haka abin yake. A yi muku magana ido na kan waya.

Na karɓi biron na ƙara masa layi na biyar a takardar, na rubuta: yana jira? Ya karanta ya yi dariya, ya ce, "Kawu, to me ya sa har yanzu Rust ɗin na kan kwamfutarka?" Na ce ya tashi ya sayo mana ruwa.